Tuƙi Cikin Maye: Inda Doka Ta Gaza a Hanyoyin Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

Kowace safiya, tun kafin rana ta ɗaga, motocin haya kan cika maƙil a tashoshin Ƙauran Namoda. Waɗansu su nufi Gusau, waɗansu Shinkafi, waɗansu kuma su bi ta Zurmi zuwa Jibiya da Katsina. A cikinsu akwai ɗan kasuwa da malamin makarantar da aka tura ƙauye, akwai ma'aikaciyar asibiti da ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, akwai kuma manomin Sakajiki da buhun wakensa. Dukansu sun danƙa rayukansu a hannun mutum guda, watau direba. Fasinja yakan yi cinikin kuɗin mota, ya leƙa taya, ya tambayi labarin hanya ko lafiya take. Abu ɗaya ne ba shi da hanyar sani, shi ne abin da direban ya haɗiya da shayin asuba.

Ko shakka babu yawancin direbobin wannan yanki mutanen kirki ne, masu iyali, waɗanda ke neman halaliyarsu a kan hanyoyin da mutane da yawa ke tsoron bi. Amma wake ɗaya ke ɓata gari, kuma direba ɗaya da hankalinsa ya gushe ya isa ya jefa gidaje goma sha takwas cikin makoki a rana guda. Don haka ya dace a duba abin da doka ta tanada game da tuƙi cikin maye, da kuma ko tanadin nan ya dace da irin mayen da ake fama da shi a arewacin Jihar Zamfara.

Dokoki uku a kan hanya ɗaya

Wanda ya dubi takarda kawai zai ɗauka an riga an gama da wannan magana, domin hana giya a Arewa ba sabon abu ba ne. Tun bayan yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Birasils cikin 1890, Turawan mulkin mallaka suka sanya Arewacin Nijeriya cikin yankin da aka hana shigar da barasa domin 'yan ƙasa. Kundin dokokin laifuffuka na Jihar Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, da ya fara aiki cikin 1960, ya tanadi ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba ko tarar da ba ta wuce fam biyar ba ga Musulmin da ya sha giya ba domin magani ba. Sa'an nan ran 27 ga watan Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a Gusau, kundin hukuncinta kuma ya fara aiki ran 27 ga watan Janairu 2000. A ƙarƙashinsa mashayin giya zai sha bulala 80, mai yin ta ko safararta ko sayar da ita kuwa bulala har 40, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu. Wannan ita ce doka ta farko.

Ta biyu ita ce dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa cikin 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Dokar da Majalisar Tarayya ta yi wa hukumar cikin 2007 ta ce wanda ya tuƙa mota alhali giya ko ƙwaya ta hana shi mallakar sitiyari yadda ya kamata, za a ci shi tarar Naira 5,000, ko a ɗaure shi har shekara biyu, ko a haɗa masa duka. Tuƙin ganganci tararsa Naira 50,000 ce ko ɗaurin shekara biyu, idan kuwa har an rasa rai, ɗaurin na iya kaiwa shekara bakwai. Littafin ƙa'idojin hanya ya kuma sa iyakar giya a jinin direba a kan giram 0.05 cikin kowane mililita 100.

Ta uku ita ce dokar Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, NDLEA, wadda aka kafa cikin 1989. Ita kuma ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar iblis da makamantanta, ko yana shan su.

Kowace ɗaya daga cikin dokokin nan da abin da ta sa gaba. Ta farko tana hukunta shan giya a matsayinsa na saɓo, ko mutum yana tuƙi ko yana kwance a ɗakinsa, kuma Musulmi kaɗai ta shafa. Bayan an yi wa direba bulala, babu abin da zai hana shi karɓar makullinsa ya shiga layin lodi washegari. Ta uku ta fi mayar da hankali ga ƙwayar da mai safararta, hukuncinta kuma ya yi nauyin da ba kasafai ake ɗora shi a kan direban da aka samu da 'yan ƙwayoyi a aljihu ba. Ta biyu ce kaɗai ta haɗa maye da tuƙi, ita ce kuma mafi rauni a cikinsu.

Tarar da ta narke

Sa'ad da aka rubuta Naira 5,000 cikin dokar 2007, kuɗi ne da ake jin fitarsu. A lokacin mafi ƙarancin albashin ma'aikacin jiha Naira 5,500 ne, watau tarar ta kusa cinye albashin wata guda. Litar fetur kuwa Naira 70 ce, saboda haka tarar ta kai kuɗin lita 70 da 'yan kai, abin da ya fi cikin tankin ƙaramar mota. Cikin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, sai tarar nan ta koma kashi ɗaya cikin goma sha huɗu na albashin. Bayan janye tallafin mai ran 29 ga watan Mayu 2023, lita ta hau har ta kai wajen Naira 1,000 a ƙarshen 2024, watau tarar da a da ke cika tanki ta koma kuɗin lita biyar. Direban da zai iya biyan wannan daga kuɗin fasinja biyu ko uku ba zai ɗauke ta a matsayin horo ba. Zai lissafa ta ne cikin kuɗin da hanya ke ci, kamar kuɗin tasha da na faci.

Jihar Legas ta ga wannan giɓi tun 2012, sa'ad da ta yi tata dokar hanya ta sa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin shekara biyu a kan tuƙi cikin maye. An kuma sha kai wa Majalisar Tarayya ƙudurorin gyara dokar 2007. Ƙarin tara yana da amfani, amma ko an ninka ta sau ashirin akwai wani rauni da ya fi wannan girma, shi ne rashin bambanta direban haya da mai motar kansa wajen hukunci.

Abin mamaki shi ne doka ta san da wannan bambanci a wani wurin. Ɗan shekara 18 na iya karɓar lasin tuƙa motar gida, amma lasin haya sai wanda ya kai 26. Motar gida na iya gudun kilomita 100 cikin sa'a a babbar hanya mai tagwayen layi, bas da tasi kuwa 90, tirela da tanka 60. Tun ran 1 ga watan Fabrairu 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Duk wannan ya nuna an yarda cewa nauyin da ke wuyan mai ɗaukar jama'a ya fi na kowa. Amma da aka zo kan maye, sai dokar 2007 ta yi wa mai ɗauke da kansa kaɗai da mai ɗauke da rai goma sha takwas kuɗin goro.

Ƙwaya ba ta da wari

Babban abin da ya kamata a fahimta shi ne, a wannan yanki ba kwalbar giya ce ke kan gaba wajen gusar da hankalin direba ba. Hana sayar da ita a fili, da aikin Hisba, da kunyar idon jama'a, sun tura giya bayan fage. Abin da ya cike gurbinta ƙarami ne, ana sa shi cikin aljihun riga, ana haɗiye shi da shayi ko lemon kwalba a gaban kowa ba tare da an lura ba. Tsofaffin direbobi suna tune da zamanin ƙwayar a-ji-garau mai hana barci. A yau sunayen da ake ji su ne tiramol da kodin da baliyam da wiwi da gadagi.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan cikin shekara guda, ban da giya da taba. Miliyan 4.6 daga cikinsu sun sha magungunan kashe ciwo irin su tiramol ba da umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari mai kodin. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 12 cikin ɗari, watau wajen mutum miliyan uku. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da harhaɗa shi cikin watan Mayu 2018, Indiya ma ta tsananta dokar fitar da tiramol a shekarar. Amma 'yan safara ba su yi barci ba. Wani binciken BBC na watan Fabrairu 2025 ya nuna yadda ake shigo da wata sabuwar ƙwaya Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa maganin kashe ciwo mai ƙarfi da mai sassauta jijiyoyi, har sai da gwamnatin Indiya ta haramta haɗin.

Ya kamata a san abin da waɗannan ƙwayoyi ke yi wa mai tuƙi. Tiramol magani ne na kashe ciwo, kuma hukumar NAFDAC ta yarda ne kawai da mai ƙarfin miligiram 50 da 100. Likitoci ba su wuce miligiram 400 ga babban mutum cikin yini guda. Wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa yakan kai 225, watau ƙwaya biyu kacal sun haura iyakar yini. Direba yana shan ta ne don kada ya ji ciwon baya da gajiya, kuma lalle ba zai ji ba, amma gajiyar tana nan, ƙwayar ta toshe masa jin ta ne kawai. Bugu da ƙari tana kawo jiri da gyangyaɗi, idan ta yi yawa kuma takan jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya ba tare da gargaɗi ba. Kodin da baliyam suna rage saurin da ƙwaƙwalwa ke amsa abin da ido ya gani. Motar da ke gudun kilomita 90 cikin sa'a tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Jinkirin daƙiƙa ɗaya wajen taka birki ya isa ya raba tsakanin kauce wa garken shanu da faɗawa cikinsa.

A nan ne dokokin suke cin tuntuɓe. Na'urar da jami'an kiyaye haɗurra ke ba direba ya hura, giya kaɗai take ganewa. Wanda ya haɗiyi tiramol uku zai hura ta ya wuce salin-alin. A fagen Shari'a ma, hujjar shan giya a mazhabar Malikiyya ita ce mutum ya yi iƙirari da bakinsa, ko shaidu biyu adilai su ga ya sha, ko su shaida sun ji warinta a bakinsa. Ƙwaya kuwa ba ta da wari. Har ila yau manyan malaman mazhabar, irin su Alƙarafi, sun bambanta abin da ke sa maye da nishaɗi, wanda ke wajabta haddi, da abin da ke gusar da hankali ko sa barci, wanda hukuncinsa horo ne gwargwadon ganin alƙali. Wannan bambanci ba cikas ba ne, hasali ma dama ce, domin ya bar wa hukuma ƙofar tsara horon da ya dace da laifin. Sai dai ba a yi amfani da damar ba game da direbobi.

Tsoro, gudu da gajiya

Ba za a yi wa direban arewacin Zamfara adalci ba idan aka yi maganar abin da yake sha aka bar dalilin shan. Shekara da shekaru ke nan hanyoyin Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi zuwa Jibiya suna cikin waɗanda 'yan bindiga suka fi tarewa. Cikin watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi. Wata guda bayan haka, cikin Oktoba 2021, mahara suka afka wa Sakajiki suka kashe mutum 12. Direban da ke aiki a irin wannan wuri ba ya fita da duhun asuba, ba ya kuma yarda magariba ta riske shi a daji. Sawun da a da yake yi cikin sa'a goma sha huɗu, yanzu tilas ya matse shi cikin 'yan sa'o'in tsakar rana.

Amma balas ɗin mai mota bai ragu ba, kuɗin mai da na kayan gyara kuwa sun ninka. Hanyar da ta rage masa ita ce ƙarin lodi da ƙarin gudu. Ƙaramar motar da aka ƙera domin mutum biyar sai a cusa mata bakwai ko takwas, ga kaya a but har murfin ba ya rufuwa. A wuraren da aka san ana tare hanya, su kansu fasinjoji ne ke cewa direba ya taka, domin a ganinsu gara haɗari da shiga hannun masu garkuwa. A cikin wannan hali ne mai tallar ƙwaya ke samun kasuwa, yana sayar wa direba abin da zai kashe masa tsoro da gajiya a lokaci guda.

Ita kanta gajiyar maye ce ko ba a sha kome ba. Wani binciken da aka yi a Ostareliya cikin 1997 ya nuna mutumin da ya yi sa'a 17 bai runtsa ba, aikin hannunsa da idonsa kan lalace daidai da na wanda giyar jininsa ta kai 0.05, watau iyakar da doka ta sa. Ƙasar nan ta ga sakamakon haka ran 31 ga watan Mayu 2025, sa'ad da bas ɗin da ke ɗauke da 'yan wasan Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ya faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano, mutum fiye da 20 suka rasu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ambaci gajiya da gudu cikin abubuwan da ake zaton sun jawo haɗarin. Dokar da ta hana ƙwaya ta bar direba yana tuƙi dare da rana ta tare ƙofa ne ta bar taga a buɗe.

Abin da ƙididdiga ba ta nunawa

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta bayyana cewa mutum 5,421 ne suka rasu a haɗurra 9,570 cikin 2024, alhali a 2023 mutum 5,081 ne a haɗurra 10,617. Haɗurran sun ragu, mamatan sun ƙaru. A jerin dalilan da hukumar ke bayarwa kowace shekara gudun wuce kima ne ke kan gaba, maye kuwa yana can ƙasa. Wanda ya tsaya a nan zai ce matsalar ƙarama ce.

Amma akwai dalilin yin hattara da wannan lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 40,000 ne suka mutu a hanyoyin Nijeriya cikin 2016, shekarar da alƙaluman gwamnati suka nuna 5,000 da 'yan kai. Haɗarin da ya auku a bayan Zurmi ko a ƙauyukan Shinkafi sau da yawa ba ya shiga littafin kowa. Mutanen gari ne ke kwashe waɗanda suka ji rauni, mamata kuma a yi musu sutura kafin rana ta faɗi, kamar yadda addini ya koyar. Ba a ɗibar jinin direba a auna, ko ya rayu ko ya mutu. Jami'in da ya iso daga baya abin da idonsa ya gani zai rubuta, watau gudu, ko fashewar taya, ko ƙwacewar mota. Abin da ya sa direban ya yi gudun ba shi da gurbi a takardar. Daga nan dangi su ce ƙaddara ce su yafe, magana ta mutu. Yarda da ƙaddara wajibi ne ga mumini, amma Shari'ar da ta koyar da ita ita ce kuma ta wajabta diyya a kan kisan kuskure, ta kuma ɗora wa mai sakaci alhakin ɓarnar da ya jawo.

Yadda waɗansu ƙasashe suka yi

Ƙasashen da suka ci nasara a wannan fage ba su dogara ga tara kaɗai ba. Norway ce ta fara sa iyakar giya a jinin direba cikin 1936. Ingila ta kawo na'urar hurawa cikin 1967, kuma wanda kotu ta samu da laifi a can zai rasa lasinsa na aƙalla shekara guda. A Amurka iyakar mai motar gida a yawancin jihohi 0.08 ce, ta direban babbar motar haya kuwa 0.04. Laifin farko yana jawo dakatar da lasin haya na shekara guda, ko shekara uku idan kayan da ke motar masu haɗari ne kamar fetur, laifi na biyu kuwa na iya raba mutum da sana'ar har abada. Wata dokar 1991 ta wajabta wa kamfanonin sufuri auna direbobinsu game da giya da ƙwaya kafin ɗauka aiki, da lokaci-lokaci ba tare da sanarwa ba, da kuma bayan mummunan haɗari. A Faransa iyakar direban bas 0.02 ce, kuma tun watan Satumba 2015 manyan motocin safa suna ɗauke da na'urar da ba ta barin inji ya tashi sai direba ya hura ta ta same shi garau. Ƙasashen Tarayyar Turai sun kuma wajabta wa direban babbar mota hutun minti 45 bayan tuƙin sa'a huɗu da rabi. Game da ƙwaya, Jihar Biktoriya ta Ostareliya ta fara gwajin yawu a bakin hanya cikin 2004, Ingila kuma ta yi dokar da ta sa iyaka ga ƙwayoyi daban-daban cikin 2015.

Ba duk wannan ne za a iya ɗaukowa a dasa a Ƙauran Namoda ba. Amma darussa biyu sun fito fili. Na farko, abin da direban haya ke tsoron rasawa shi ne lasinsa, domin shi ne gonarsa. Na biyu, mai motar da ke cin ribar aikin tilas ya ɗauki rabonsa na alhaki.

Abin da ya kamata a yi

Mataki na farko yana hannun Majalisar Tarayya. Kamata ya yi dokar hanya ta ware wa direban haya babi nasa, a rage masa iyakar giya zuwa abin da bai wuce 0.02 ba, a ambaci ƙwayoyin da aka hana da sunayensu, a kuma mayar da dakatar da lasin wajibi tun daga laifin farko. Tara kuwa a ɗaure ta da mafi ƙarancin albashi, don kada hauhawar farashi ta sake narkar da ita. Kazalika a wajabta auna jinin direba a duk haɗarin da aka rasa rai, domin sai an san girman ciwo ake sanin maganinsa.

Mataki na biyu na Gwamnatin Jihar Zamfara ne, kuma ba sai ta jira Abuja ba. Majalisar Dokokin jihar na da ikon yin doka a kan tashoshin mota da hanyoyin jiha, ga kuma hukumar ZAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa. Wurin da ya dace a yi gwaji shi ne tasha, kafin mota ta tashi. Ƙara shingaye a dajin da ake fargabar tsayawa zai jefa fasinja da jami'i cikin haɗari, ya kuma buɗe wata sabuwar kafar karɓar na goro. Tashoshin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ba su da yawan da zai gagari hukuma. Akwai kayan gwajin fitsari da ke gano tiramol da wiwi da baliyam cikin 'yan mintoci. Gaskiya ne gwajin fitsari yana nuna an sha ne cikin 'yan kwanakin baya, ba lalle a wannan sa'a ba, don haka bai isa hujjar ɗauri ba sai an tabbatar a asibiti. Amma ya isa hujjar hana mutum lodi a ranar, kuma wannan shi ne abin da ke ceton rai.

Mataki na uku na ƙungiyar direbobi ta NURTW ne, wadda tun kafa ta cikin 1978 take riƙe da tashoshin ƙasar nan. Shugaban tasha da 'yan kamasho sun san wanda ke sha da wanda ba ya sha fiye da kowane jami'i. Su ke ba da layi, su ke iya hana shi. Sun kuma san teburin da ake sayar da abin a gindin bishiyar tasha. Idan doka ta ce reshen da ya yi wa mai maye lodi, da mai motar da ya ba shi makulli, za su shiga cikin biyan diyya da kuɗin asibiti, za a ga canji cikin ɗan lokaci.

Har ila yau, horo ba tare da magani ba ba zai kai ko'ina ba. Wanda jikinsa ya saba da tiramol ba ya iya bari dare ɗaya, domin rashinta na kawo ciwon jiki da rashin barci da zufa. Direban da ya kai kansa ya nemi taimako ya cancanci a ba shi magani a asibitin gwamnati, a ajiye masa layinsa har ya warke. Idan aka kore shi kawai, zai koma ɗaukar fasinja a bakin hanya inda babu mai duba shi, ko ya hau babur ya shiga acaɓa da wannan hali.

Daga ƙarshe akwai rabon fasinja. Ma'aikatan gwamnati da ɗalibai suna cikin masu yawan bin waɗannan hanyoyi, su ne kuma suka fi sanin abin da doka ta ce. Sau da yawa mutane kan ga idon direba ya kaɗa, harshensa ya yi nauyi, amma kowa ya yi shiru don kada a ce ya cika tsoro ko ya ɓata wa jama'a lokaci. Wanda ya sauka ya kai ƙara ofishin tasha ya yi asarar sa'a ɗaya ne kawai. Mutanen Sakajiki da Moriki da Shinkafi sun riga sun binne 'yan'uwa da yawa saboda ta'asar 'yan bindiga, wadda maganinta ke buƙatar soja da makamai da lokaci. Mutuwar da ke fitowa daga aljihun direba kuwa, doka mai ma'ana da kayan gwaji da shugaban tasha mai tsoron Allah sun isa su rage ta tun daga bana.